Wa Ke Auna Zuciya? Almajiranci, Aminci da Sabuntawar Ciki a Majami'un Arewacin Kamaru

A ranar 20 ga Mayu 2023, Fadar Vatican ta sanar cewa Fafaroma Francis ya amince da takardar da ta tabbatar da nagartar rayuwar Simon Mpeke, limamin Katolika ɗan Kamaru wanda mutanen Tokombere da na gindin duwatsun Mandara suka fi sani da Baba Simon. An haife shi a kudu, a yankin Edea, a 1906. Yana cikin rukunin farko na 'yan ƙasa da aka naɗa limamai a 1935, ya bar Duwala ya hau arewa a 1959, ya kuma rasu a watan Agusta 1975. Da labarin ya iso Marwa da Garwa, mutane da dama sun ɗauka an ayyana shi waliyyi ne, alhali kuwa ba haka abin yake ba. A tsarin Katolika matakai huɗu ne, kuma na biyu ya taka, wato an yarda cewa ya riƙe bangaskiya da bege da ƙauna fiye da yadda aka saba gani. Mataki na gaba yana buƙatar a tabbatar da wata mu'ujiza da aka samu ta wurin roƙonsa. A wannan karon hali aka bincika, ta bakin waɗanda suka zauna da shi da kuma abin da ya bari a rubuce.

Wannan ya ta da tambayar da ta wuce batun Baba Simon shi kaɗai. Idan canjin da addinin Kirista ke magana a kai a cikin zuciya yake, wane mutum ne, ko wane kwamiti, ke da mudun auna shi? Mabiya ikilisiyoyin Furotesta, waɗanda ba su da al'adar ayyana waliyyai, sukan yi tambayar da sigar suka. Sai dai su ma suna amsa ta a kai a kai, domin duk ranar da dattawan majami'a suka zauna don su yanke wanda za a yi wa baftisma, da wanda za a dakatar daga jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da masu bi ke karɓa a sujada don tunawa da mutuwar Yesu, da wanda za a ɗage wa horo, hukunci suke yankewa a kan abin da ke ciki ta hanyar duban abin da ke waje. Mafi yawan ruɗanin da ke tattare da almajiranci daga nan yake fitowa.

Kalmomi uku da ake cuɗanyawa

Mai jin Hausa da ya fara buɗe Littafi Mai Tsarki, wanda cikakkiyar fassararsa ta Hausa ta fara fitowa a 1932, yakan yi mamakin ganin an kira Bitrus da Yohanna almajirai, tun da a bakin titi a Garwa ko Kuseri almajiri yaro ne mai allo da robar bara. Masu fassarar ba su yi kuskure ba. Asalin kalmar Larabci ne, al-muhajir, wanda ya yi ƙaura, wato wanda ya bar gidansu ya je ya zauna gaban malami. Kalmar Girkanci da ke cikin Sabon Alkawari, mathetes, tana nufin mai koyo da ke bin malaminsa ƙafa da ƙafa. Masu fassarar Fulatanci ma hanyar da suka bi ke nan da suka zaɓi pukaraajo, sunan ɗalibin makarantar allo. A nan Bahaushe ya fi mai karatu da Faransanci sa'a, domin ya san cewa almajiri ba karatu kaɗai yake ɗauka a wurin malam ba, har da ladabi da yadda ake zama da jama'a, kuma ya san abin shekaru yake ci. Inda kwatancin ya tsaya shi ne, a koyarwar Kirista babu ranar sauka. Matiyu 23:8-10 ya ce malami ɗaya ne, saura duka 'yan'uwa ne, saboda haka fasto da bishop ma ba su fita daga almajiranci ba.

Kalmar Kirista sau uku kacal ta zo a Sabon Alkawari, kuma Ayyukan Manzanni 11:26 ya nuna cewa a Antakiya aka fara kiran almajiran da ita. Kalmar almajiri kuwa ta zo fiye da sau 250, dukansu a cikin Bishara huɗu da Ayyukan Manzanni. Umarnin ƙarshe da ke Matiyu 28:19-20 na almajirtar da al'ummai ne, baftisma da koyar da biyayya kuma su ne hanyoyin yin hakan. Masu wa'azin da ke cewa majami'u sun cika da Kiristoci amma almajirai kaɗan ne, a kan wannan bambanci suke tsayawa.

Aminci kalma ce mai faɗi a Hausa. Tana ɗauke da riƙon amana, da zaman lafiya, da kuma abotar da ake kira aminantaka. A Girkanci kalma ɗaya ce, pistis, take ɗaukar ma'anar bangaskiya da ta aminci, shi ya sa fassarori suke bambanta a Galatiyawa 5:22, inda aka lissafa ta cikin 'ya'yan Ruhu. Bangaskiya ita ce dogarar mutum ga Allah, aminci kuwa shi ne wannan dogarar idan ta daɗe ta kuma sha gwaji. Luka 16:10 ya ɗaura shi a kan ƙaramin abu, cewa mai aminci a kan kaɗan shi ne mai aminci a kan mai yawa, kuma zancen da ke kewaye da ayar zancen kuɗi ne da dukiyar wani.

Kalma ta uku, wato sabuntawar ciki, ita ce ta fi wuyar kamawa. Hausawa na cewa hali zanen dutse ne, ba mai shafe shi. Ezekiyel 36:26 bai musa cewa dutse ne ba, sai dai ya yi alkawarin cewa Allah zai cire zuciyar dutse ya sa ta nama a madadinta. Sabon Alkawari ya yi magana a kan wannan da kalmomi dabam-dabam. Akwai tuba, wadda a Girkanci take nufin juyin tunani, ba nadama kawai ba. Akwai sake haihuwa da Yesu ya faɗa wa Nikodimu a Yohanna 3, wadda masu bi da yawa suke kira maya haihuwa. Akwai kuma sabunta hankali na Romawa 12:2, inda Bulus ya yi amfani da kalmar da aka bayyana sauyin kamannin Yesu a kan dutse da ita. Wasu daga cikin waɗannan kalmomi suna kama da abin da ke faruwa a rana ɗaya, kamar haihuwa, wasu kuwa suna kama da abin da ke tafiya a hankali, kamar nunar hatsi. Kowace ikilisiya ta karɓi dukansu, amma kowace tana da wadda ta fi jingina a kai.

Yadda aka zo nan

Bishara ba ta daɗe a arewacin Kamaru ba idan aka kwatanta da kudu. 'Yan mishan na Lutheran daga Amurka sun fara aiki a farkon shekarun 1920 a wajajen Lere ta Cadi da Yagwa, daga aikinsu ne ikilisiyar 'Yan'uwa ta Lutheran a Kamaru, wato EFLC, ta fito. Adolphus Gunderson ya sauka a ƙasar Gbaya a 1923, 'yan Norway suka iso Ngaundere a 1925, aikin ɓangarorin biyu kuma ya haɗu ya zama ikilisiyar Bishara ta Lutheran a Kamaru, wato EELC, a 1960. Limaman Katolika na ƙungiyar Oblat sun iso a 1946 ƙarƙashin Yves Plumey, wanda daga baya ya zama bishop na Garwa. Yawancin waɗanda suka karɓi addinin sun fito ne daga Gbaya, Dii, Mundang, Tupuri, Masa, Mafa, Giziga da maƙwabtansu. Fulani da Hausawan birane sun ci gaba da Musuluncinsu. Kiristocin da ke sujada da Hausa a yankin galibi mutanen bakin iyaka ne, da ma'aikata da 'yan kasuwar da suka ƙetaro daga Najeriya, sai kuma 'yan gudun hijirar shekarun nan.

Makaranta da asibiti sun jawo jama'a da sauri fiye da yadda aka iya horar da masu koyar da su. Fasto ɗaya ko limami ɗaya yakan riƙe ƙauyuka masu yawa da harsuna dabam-dabam, nauyin koyarwa kuma ya faɗa kan katikis, wato mai koyar da masu neman baftisma, ko mai bishara wanda shi kansa horon da ya samu gajere ne. A irin wannan hali dole aka nemi ma'aunin da ido ke gani. Mai neman baftisma zai haddace Dokoki Goma da Addu'ar Ubangiji da shaidar bangaskiya, zai bar layu da yanka ga kakanni, zai zauna da mace ɗaya, a yawancin ikilisiyoyin Furotesta kuma zai bar bilbil, giyar dawar da Hausawa ke kira burkutu. Masu kare wannan tsari suna da hujja mai ƙarfi, domin hatsin da ba a kai tukunyar giya ba a rumbu yake zama har damina, kuma mutumin da ya bar tsafin gidansu a gaban danginsa ya biya farashi na gaske. Masu sukarsa kuma suna nuna Markus 7:21-23, inda aka ce daga cikin zuciya mugunta ke fitowa, aka kuma lissafa kwaɗayi da ha'inci da girman kai, waɗanda babu jarrabawar ajin baftisma da ke iya kama su.

Jinkirta baftisma ba ƙirƙirar 'yan mishan ba ce. A ƙarnonin farko ana iya riƙe mai neman shiga har shekara uku, ana tambayar waɗanda suka kawo shi yadda yake zaune da mutane. Cocin Katolika ya farfaɗo da wannan tsari ga manya bayan babban taron Vatican na biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, aka kuma fitar da ƙa'idarsa a 1972.

Shekarun 1990 sun kawo wani sauyi. Dokar 'yancin kafa ƙungiyoyi ta Disamba 1990 ta buɗe ƙofa, karyewar darajar sefa da rabi a Janairu 1994 ta jefa gidaje cikin ƙunci, sababbin majami'un Fentikos kuma suka yawaita a birane da wa'azin warkarwa da buɗi. A doka sai da izinin shugaban ƙasa ƙungiyar addini take samun rajista, amma da yawa sun yi ta aiki ba tare da shi ba, har hukuma ta rufe wasu a 2013. Tun daga lokacin mai bi yana da zaɓi. Wanda aka sa a horo a wata majami'a yana iya tsallaka titi a karɓe shi a wata ranar Lahadi mai zuwa, wannan kuma ya rage ƙarfin tsohon ma'aunin ƙwarai.

Inda ikilisiyoyi suka rabu

Tsohuwar gardamar ita ce ta wa ke yin aikin. A farkon ƙarni na biyar wani malami mai suna Felajiyus ya koyar da cewa mutum na da ikon yin biyayya idan ya ƙudura, Agustin bishop na Hippo, a ƙasar Aljeriya ta yau, ya ce nufin mutum kansa ya kamu da ciwo, sai alherin Allah ya riga shi. Taron Kartaj na 418 ya goyi bayan Agustin. A kan wannan tushe Katolika da Furotesta duka suke tsaye a koyarwarsu ta hukuma, ko da yake wa'azin da ake ji a ƙauye sau da yawa yakan koma ga "ka yi ƙoƙari", domin shi ya fi sauƙin faɗa.

Mabiya Luther, wato 'yan Lutheran, waɗanda suke da tushe mai zurfi a Ngaundere da Garwa da Yagwa, suna raba abu biyu da gangan. Karɓuwar mutum a gaban Allah kyauta ce ta wurin bangaskiya, kamar yadda Afisawa 2:8-9 ya faɗa, sauyin hali kuwa 'ya'yan itace ne da ke biyo baya. Suna cewa mai bi mai adalci ne kuma mai zunubi a lokaci guda, baftismar da aka yi masa yana jariri kuma abin komawa ce kowace rana ta wurin tuba. Amfanin wannan koyarwa shi ne tana kwantar da hankalin mai raunin zuciya, kuma tana hana fahariya. Masu suka na cewa tana iya barin mutum ya miƙe ƙafa, yana riƙe da katin baftisma da na tabbatar da bangaskiya bayan ya girma ba tare da wani abu ya motsa a rayuwarsa ba.

Katolika, bisa abin da taron Trent ya tsayar a 1547, suna koyar da cewa alherin Allah yana sabunta mutum a ciki da gaske, mutum kuma yana ba da haɗin kai, yana girma ta wurin jibi da furta zunubi ga limami da ayyukan jinƙai. Shi ya sa a wurinsu bincika rayuwar mamaci kamar Baba Simon abu ne mai ma'ana: idan alheri ya yi aiki, zai bar sawu. Abin da ake zarginsu da shi shi ne sauƙin mai da ibada al'ada, a je a furta a koma ga abin da aka furta. Waɗannan ɓangarori biyu sun rage tazarar da ke tsakaninsu a ranar 31 ga Oktoba 1999 a birnin Augsburg na Jamus, inda suka sa hannu a kan sanarwar cewa ta wurin alheri kaɗai ake karɓar mutum, ba don cancantarsa ba, kuma Ruhu Mai Tsarki ne ke sabunta zuciya yana kiran mutum ga ayyuka nagari.

Ikilisiyoyin da ke yi wa manya kaɗai baftisma, irin su Baptis da Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, wato EYN, wadda mabiyanta da yawa suka ƙetaro Kamaru, suna neman mutum ya zaɓa da bakinsa kafin ya shiga ruwa. A wurinsu almajiranci biyayya ce a fili ga koyarwar Yesu, musamman ta Matiyu sura 5 zuwa 7, jama'ar masu bi kuma suna da alhakin tsawata wa juna bisa matakan Matiyu 18:15-17. Hatsarin da su kansu suka sani shi ne dokokin majami'a su maye gurbin abin da aka kafa su dominsa.

Majami'un Fentikos sun fi jingina a kan rana ɗaya. Mai bi zai iya faɗar ranar da ya ba da ransa ga Yesu, ana kuma sa ran cikawa da Ruhu za ta zo da alama, yawanci magana da harsuna. Adalci ya buƙaci a faɗi abin da ya sa suke jan jama'a. Suna ɗaukar tsoron maita da sammu da aljanu da muhimmanci, alhali tsofaffin majami'u sau da yawa sun yi shiru a kai, mabiyansu kuma suka riƙa zuwa wurin boka da dare. Akwai kuma mashaya da masu dukan mata da suka bari a rana ɗaya, unguwa ta shaida. Inda ake jayayya da su shi ne a kan alamar kanta. Matiyu 7:21-23 ya yi maganar waɗanda suka yi annabci da mu'ujizai aka kuma ce ba a san su ba, 1 Korintiyawa 13 ya sa ƙauna sama da harsuna. Reshen da ke koyar da cewa arziki da lafiya su ne shaidar bangaskiya ya fi shan suka, har daga cikin 'yan Fentikos ɗin, domin a ƙarƙashinsa manomin audugar da damina ta ci amanarsa yakan koma gida da zargin kansa a kan asarar da ya riga ya yi.

Idan aka jera su, abin da ya raba su a aikace bai kai yadda ake zato ba. Babu wadda ke cewa mutum na iya sabunta kansa, babu kuma wadda ke cewa sabuntawar za ta iya zama ba tare da ta bayyana ba. Saɓanin a kan sauri ne da kuma alamar da za a amince da ita. Labarin zuciya, in ji Hausawa, a tambayi fuska. Amma fuska na iya yaudara a rana ɗaya, shi ya sa kowace ikilisiya, ko da wace alama ta fara, a ƙarshe takan koma ga duban shekaru. Aminci shi ne sunan da aka ba abin da shekarun ke nunawa.

Aminci a bakin iyaka

Rikicin Boko Haram ya fitar da wannan batu daga aji ya kai shi ƙofar gida. An buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Minawao kusa da Mokolo a 2013, jama'a suka ƙaru ƙwarai bayan faɗuwar Gwoza a Agusta 2014, a shekarun baya-bayan nan kuma mazaunansa sun haura 70,000, Musulmi da Kirista. A ɓangaren Kamaru an sace limamin Faransa Georges Vandenbeusch a Nguetchewe a Nuwamba 2013, aka sake shi a ƙarshen Disamba. A Afrilu 2014 aka ɗauke limamai biyu 'yan Italiya da wata 'yar zuhudu 'yar Kanada a Tchere, su ma aka sake su bayan kusan wata biyu. Ƙauyukan Mayo-Tsanaga da Mayo-Sava da dama sun watse, kuma Musulmin yankin sun sha kisa da ƙaura kamar maƙwabtansu.

Daga nan tambayoyi biyu suka taso wa dattawan majami'u. Ta farko ta shafi wanda aka ɗora wa bindiga ya musanta bangaskiyarsa, ko macen da aka tsare aka aurar da ita dole, daga baya suka kuɓuta suka dawo. Ru'ya ta Yohanna 2:10 ta yi kira a yi aminci har mutuwa, kuma iyalan waɗanda suka ƙi musantawa aka kashe su suna zaune a benci ɗaya da waɗanda suka dawo. Ikilisiya ta taɓa shiga wannan hali, a Afirka ma. A shekara ta 250 Sarkin Roma Desiyus ya umarci kowa ya yi hadaya ga gumaka ya karɓi takardar shaida, Kiristoci masu yawa kuma suka yi, wasu suka sayi takardar da kuɗi. Da tsanani ya lafa, wani limami a Roma mai suna Nobatiyan ya ce ba za a sake karɓarsu ba. Sifriyan bishop na Kartaj, wanda shi kansa ya ɓuya a lokacin, aka kuma fille masa kai a 258, ya bi hanyar tsakiya, taron 251 kuma ya tsayar da cewa a karɓe su bayan lokacin tuba, gwargwadon abin da kowa ya aikata. Matsayin da yawancin ikilisiyoyi suka gada ke nan, suna kafa hujja da Bitrus, wanda ya musanta sau uku aka kuma mayar da shi bakin aiki a Yohanna 21. Game da wanda aka tilasta wa kuwa, musamman yara da matan da aka sace, koyarwar ɗabi'a ta Kirista ta daɗe da cewa tilas na rage laifi ko ta ɗauke shi gaba ɗaya. Abin da ya fi wuya shi ne karɓuwar unguwa, domin majami'a na iya buɗe ƙofa, zumuntar mata kuma ta ci gaba da kallon mace da ɗan da ta dawo da shi da gefen ido.

Tambaya ta biyu ta kare kai ce. EYN, wadda ta samo asali daga mishan ɗin da ya fara aiki a Garkida a 1923, tana cikin ikilisiyoyin da suka gaji ƙin ɗaukar makami, suna karanta umarnin ƙaunar maƙiyi na Matiyu 5:44 kamar yadda yake a rubuce. Katolika da Lutheran kuwa sun yarda cewa hukuma na da ikon amfani da ƙarfi, mutum kuma na iya kare rayukan da ke hannunsa, muddin ba ramuwa ba ce. Saurayin da ƙauyensu ya kafa kwamitin 'yan sa-ido zai ji amsa dabam gwargwadon majami'ar da ya tambaya. Dukansu dai sun haɗu a kan haramcin ɗaukar fansa, da kuma haramcin ɗora laifin 'yan bindiga a kan maƙwabci Musulmi.

Abin da ke iso ga mai bi na ƙasa

Abu na farko lokaci ne. Inda majami'a ta tsawaita ajin baftisma, mai sayar da albasa a kasuwar Marwa ko ɗan acaɓa a Garwa zai bar ciniki na wasu sa'o'i kowane mako, mai noman masakwa, wato dawar rani, kuma zai sha wuyar halarta a lokacin dashe. Idan jarrabawar ta dogara ga karatu, tsofaffi da matan da ba su shiga makaranta ba ne za su riƙa faɗuwa, ko da kuwa su ne unguwa ta fi shaida da haƙuri da riƙon amana. Harshe ma yana shiga ciki, domin wanda ya koyi addu'a da waƙa da Hausa, aka kuma zaunar da shi a ajin Faransanci ko Fulatanci, zai yi kama da wanda bai san kome ba.

Na biyu shi ne horo, kuma a nan ne raunin auna ciki da waje ya fi fitowa fili. Laifin da ake gani shi ake hukuntawa. Yarinyar da ta yi ciki ba aure ba ta da inda za ta ɓoye, sai a mayar da ita bencin baya a hana ta jibi, wanda ya yi mata cikin kuwa sau da yawa ba a kira shi ba. Mai tauye mudu, da mai riƙe kuɗin lebura, da dattijon da ya taɓa kuɗin baikon majami'a, laifinsu ba ya fitowa a jiki. Yakubu 5:4 da Matiyu 23:25-26 sun yi magana a kan irin waɗannan da kakkausar murya, amma kafin a hukunta su sai an yi bincike, wanda ake tuhuma kuma wani lokaci yana cikin masu zaman shari'ar. Masu neman gyara suna ba da shawarar a riƙa karanta lissafin kuɗi a gaban jama'a, a kuma sa mata cikin masu sauraron ƙara. Masu ɗari-ɗari suna tsoron kada majami'a ta koma kotu.

Batun mai mata fiye da ɗaya da ya tuba yana nan bai warware ba. Wasu ikilisiyoyi suna hana shi baftisma sai ya rage, wasu suna yi wa matan da 'ya'yan su bar shi yana jira, wasu kuma suna karɓarsa yadda ya zo, su hana shi ƙari da riƙe muƙami. Kowace hanya tana da wanda ke biyan kuɗinta, kuma a ta farko macen da aka sallama ce da 'ya'yanta.

Sai kuma zama da maƙwabta. A garuruwan da Kirista yake tsiraru, abokin cinikinsa Musulmi ba ya shiga majami'a, bai kuma san bambancin Trent da Luther ba. Abin da ya sani shi ne ko an biya bashi ranar da aka ce, ko buhun da aka auna ya cika, ko an zo gaisuwar mutuwa. Kalmar amana ta kowa ce a kasuwa, kuma a can ake yi wa almajiranci jarrabawar da babu katikis a cikinta.

Ƙaura ta ƙaro wata matsala ta takarda. Mutane da yawa sun gudu ba su ɗauki katin baftisma ba, littattafan rajistar majami'unsu kuma sun ƙone tare da ginin. Idan irin wannan mutum ya isa Mokolo ko Garwa yana neman a ba shi jibi, ko a ɗaura masa aure, ko a yi wa ɗansa baftisma, babu takardar da za a duba. Katolika da Lutheran ba sa maimaita baftismar da aka tabbatar an yi, saboda haka sukan nemi shaidu, inda shakka ta ƙi gushewa kuma Katolika suna da baftisma ta sharaɗi, wadda limami ke buɗewa da cewa idan ba a taɓa yi maka ba. A wasu majami'u kuwa dattawa sukan nemi mutum biyu daga garinsu da suka san shi, su saurari shaidarsa da bakinsa, sannan su bar shi ya zauna cikin jama'a na wasu watanni kafin a rubuta sunansa a sabon littafi.